Yadda za ka tsara kamfanonin da kake sa wa ido a kasuwar hannun jari

Wani ɗan kasuwa mai shagon atamfa da shadda a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna ya aiko da tambaya. Ya ce yana sayen hannun jari ta manhajar dillalinsa, amma kamfanonin sun yi masa yawa, sai farashi ya tashi yake saye, idan ya faɗi kuma tsoro ya sa shi sayarwa. Yana neman hanyar gyara.

Alhaji, abin da ke cutar da kai shi ne yanke shawara a daidai lokacin da farashi yake motsi, alhali a lokacin zuciya ce ke aiki, ba lissafi ba. A NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, hannun jari yana iya hawa ko sauka har kashi 10 cikin ɗari a yini guda, kuma kwana uku na irin wannan hawan sun isa su ruɗi mai haƙuri. Maganin shi ne ka ware littafi guda, ka rubuta kamfanonin da kake bibiya, kuma kada su wuce goma, domin mai shago ba shi da lokacin karanta rahoton kamfani arba'in.

Suna kaɗai ba ya wadatarwa. A gaban kowane kamfani ka rubuta dalilin da ya sa ya shiga littafin, da farashin da za ka saya, da wanda za ka sayar idan an ci riba, da kuma wanda idan ya faɗo kansa za ka haƙura ka fita. Ka rubuta waɗannan da dare ko ranar Asabar, lokacin da kasuwa take rufe. Kai da kanka ba ka zuwa sarin kaya a Kantin Kwari sai ka san iyakar abin da za ka biya a kan kowane turmi.

Dalilin shigar kamfani littafin shi na fi so ka tsaya a kansa, domin shi ne zai gaya maka labarin da ya shafe ka da wanda bai shafe ka ba. Idan ka sa Dangote Cement ko BUA Cement, abin lura shi ne gine-gine da kuɗin makamashi. Idan kamfani yana da bashin dala ko yana shigo da kayan aiki daga waje, canjin naira ne zai riƙa juya shi. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023, MTN Nigeria da Nestlé Nigeria duk sun bayyana asara a wannan shekarar, duk da cewa cinikinsu ya ƙaru. Wanda ya rubuta "bashin dala" a gaban sunayensu bai sha mamaki ba. Idan kuma kana guje wa kuɗin ruwa, kamar yadda da yawa daga cikinmu suke yi, ka duba kamfanonin da ke cikin NGX Lotus Islamic Index, wato jerin kamfanonin da aka tantance bisa ƙa'idojin Shari'a, kafin ka sa kowane suna, ka kuma tuntuɓi malamin da ya san fiƙihun ciniki.

Ka ƙara da ranaku. Kamfanoni suna fitar da rahoton kuɗi duk bayan wata uku, kuma akwai ranar da ake rufe rajistar waɗanda za a raba wa riba. Wanda ya saya bayanta ba shi da rabo a wannan karon. Ka tuna ana cire harajin kashi 10 cikin ɗari daga ribar da aka raba, ga kuma la'adar dillali a saye da sayarwa, don haka lissafinka ya haɗa da su.

Duk sunan da ya zo maka ta WhatsApp, ka ajiye shi a shafin baya har sai ka karanta rahotonsa. Sau ɗaya a mako ka zauna da littafin, kuma kamfanin da dalilin shigarsa ya gushe ka soke shi, ko da farashinsa yana hawa.