Hawan dutse da igiyar ƙarfe da tsani

Malam, ka ce ka saba hawan Dutsen Kufena, kana kuma tambaya ko wannan sabo da ka yi zai ishe ka bin hanyoyin da ake kira via ferrata, inda aka kafe igiyar ƙarfe da tsani a jikin dutse. Zai taimaka maka wajen juriya, amma ba zai wadatar ba.

Hanyoyin sun fi shahara a duwatsun Dolomites na arewacin Italiya, inda sojojin Italiya da na Austriya suka kafa da yawa daga cikinsu tsakanin 1915 da 1918 domin kai mutane da kaya kan tsaunuka. Mai hawa yana sa hular kwano da ɗamarar da ke riƙe ƙugu da cinyoyi, wadda ke da igiya mai reshe biyu, kowanne da ƙugiyarsa. Idan ya isa turken da ya riƙe igiyar ƙarfen, sai ya tsallakar da ƙugiya ɗaya, sannan ɗayar, ba ya sakin biyun a lokaci guda.

Ina roƙonka kada ka ɗaura igiyar kasuwa a maimakon ta ainihi, domin ta ainihin tana da wani sashe da ke warwarewa ya rage ƙarfin fizga idan mutum ya faɗi, kuma rashinsa na iya karya ƙashin baya. Haka nan, idan hadari ya haɗu, a sauka nan da nan, saboda idan tsawa ta faɗi, wutarta tana bin igiyar ƙarfen. Ka fara da hanya mai sauƙi tare da ƙwararren jagora.