Tambaya da Amsa: Wane Buri Ya Kamata Mai Son Rawa Ya Sa a Gaba?

Wasiƙu huɗu muka zaɓa a wannan fitowa, dukkansu a kan rawa, kuma tsakanin ƙarami da babba cikin waɗanda maganar ta shafa akwai tazarar kusan shekara sittin.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Shekaruna 54, kuma tun ina yarinya nake sha'awar rawa, amma ban taɓa koyon ta bisa ƙa'ida ba. Yanzu da yara suka girma na sami sarari, sai dai duk lokacin da na yi niyya sai in tuna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shin akwai wani buri da mai shekaruna za ta iya sa wa a gaba, ko kuwa in haƙura in ci gaba da kallo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Karin maganar da kika kawo yana da gaskiya, amma a fagen rawa ƙofa guda kawai yake rufewa, wato ta wanda ke son ya zama ƙwararren ɗan rawar bale, rawar Turawa da mata ke yi a kan yatsun ƙafa, a babbar ƙungiya, domin ita wannan rawa tana buƙatar a horar da ƙugu da ƙafafu tun jiki bai gama ƙwari ba. Ko a can ɗin ma, Misty Copeland ta Amurka sai da ta kai shekara 13 kafin ta fara, aka yi ta cewa ta makara, amma a 2015 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai matsayin babbar 'yar rawa a ƙungiyar American Ballet Theatre. Sauran ƙofofin kuwa a buɗe suke. Martha Graham, shahararriyar 'yar rawa ta Amurka, ta haura shekara 70 tana hawa dandamali, kuma ta ci gaba da tsara raye-raye har kusa da rasuwarta a 1991 tana da shekara 96. Germaine Acogny ta Senegal, wadda aka haifa a 1944, ta karɓi lambar yabo ta Zakin Zinare a bikin rawa na birnin Venice a 2021, kuma a lokacin ba ta ajiye rawa ba. Ban ambaci waɗannan mata don ki auna kanki da su ba, domin su sana'arsu ce tun ƙuruciya. Na kawo su ne don ki ga cewa jikin mai shekaru bai daina jin kiɗa ba.

Burin farko da nake ba kowa shawara, yaro da babba, na kunne ne kafin ƙafa. Galibin kiɗan da ake rawa da shi yana tafiya ne da bugu huɗu-huɗu, masu koyar da rawa kuma sukan haɗa biyu su ƙirga takwas, yayin da rawar wals, wata rawar Turawa ta mutum biyu, ke tafiya da uku-uku. A kowane zagaye akwai bugu na farko wanda ya fi sauran nauyi, kuma wanda ya iya gano shi ba tare da an ƙirga masa ba ya ci rabin aikin. Ki zauna a kujera, ki kunna waƙar da kika sani sarai, ki riƙa tafa hannu sau ɗaya tak a duk inda kika ji zagayen ya sake farawa. Za ki ɓace sau da yawa a makon farko, musamman inda mawaƙi ya shigo da murya ya janye miki hankali daga ganga. Idan tafin ya zauna, sai ki miƙe ki mayar da shi taku, ki riƙa sauya nauyinki daga wannan ƙafa zuwa waccan. Na ga mutane da yawa da suka haddace taku iri-iri alhali kiɗa na gabas suna yamma, kuma gyaran irin waɗannan ya fi koyar da sabon shiga wuya.

Buri na biyu shi ne ki zaɓi rawa guda ɗaya da waƙa guda ɗaya, ki yi ta bita har ki iya kai ta ƙarshe ba tare da kin tsaya ba, ko da kin yi kuskure a tsakiya. Minti uku ko huɗu ne kawai, amma wanda bai gwada ba ba zai san yawan numfashin da suke ci ba. Abin da ake koyo a nan shi ne yadda ake wuce kuskure a koma cikin kiɗa ba tare da an daskare ba, kuma da ma masu kallo ba su cika lura da takun da aka ɓata ba, tsayawar ce ke tona asiri.

Akwai kuma ribar lafiya, wadda a shekarunki ba ƙaramar riba ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya da su sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, ta kuma ƙara wa waɗanda suka kai 65 da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako domin rage faɗuwa. Rawa tana biyan buƙatun biyu a lokaci guda. Wani bincike da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 2003, wanda ya bi diddigin tsofaffi 469 a birnin New York, ya gano cewa a cikin ayyukan motsa jikin da aka duba, rawa ce kaɗai ke da alaƙa da raguwar haɗarin gigin tsufa. Alaƙa dai ba hujja ba ce ta cewa rawar ce ta jawo hakan, don haka kada wani ya sayar miki da ita a matsayin magani. Sai dai dalilin da masana ke hasashe mai shiga hankali ne, domin mai rawa yana sauraro, yana tuna abin da ke tafe, yana kuma riƙe da jikinsa, duk a cikin daƙiƙa ɗaya. Kuma idan ɗakinki ne kaɗai dandamalinki har abada, ba abin da ya ragu daga waɗannan buruka.

Tambaya: Malama, ni ɗan shekara 19 ne. Kusan kowane mako nakan koyi sabuwar rawar da ake yayi, in ɗauki bidiyo in saka a intanet. Burina shi ne in tara mabiya miliyan ɗaya. Matsalar ita ce bayan wata guda nakan manta abin da na koya, kuma idan aka sa kiɗan da ban sani ba sai in rasa abin yi. Mene ne shawararki?

Amsa: Ɗana, ba zan raina burinka ba, amma ka lura cewa mabiya miliyan ɗaya ba a hannunka suke ba, suna hannun manhajar da ke zaɓar abin da za ta nuna wa jama'a, da kuma sa'a. Burin da wani ne ke riƙe da makullinsa yana iya cinye maka shekaru biyar ka fito ba ka ƙaru da komai ba. Abin da ka faɗa a ƙarshen wasiƙarka shi ya fi ɗaukar hankalina, domin nan ne ainihin giɓin yake: ka iya kwaikwayo, ba ka riga ka iya rawa ba. Rawar yayi ta daƙiƙa 15 ko 30 an tsara ta ne don kyamarar da ke tsaye a gabanka, shi ya sa yawancinta daga ƙugu zuwa sama take, ƙafafu kuwa suna kafe a wuri ɗaya.

Ka zaɓi salo guda ka ba shi shekara biyu cur. Masu rawar tango, wadda ta taso a biranen Buenos Aires da Montevideo a ƙarshen ƙarni na 19 kuma hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya a 2009, sukan shafe shekaru suna gyara tafiya kawai, wato yadda ƙafa ke sauka da yadda nauyi ke bin ta. Kowane salo yana da irin wannan tushe mai gundura, kuma shi ne ke raba wanda ya iya da wanda ya haddace. Ka ci gaba da ɗaukar bidiyo, amma ka ware guda a kowane wata wanda ba za ka saka ko'ina ba, da waƙa ɗaya, a wuri ɗaya, domin ka jera su bayan shekara ka ga ko kafaɗarka ta saki, ko juyinka ya daina karkacewa. Game da juyin, ka koyi kafa ido a kan abu guda a bango, ka bar jiki ya fara juyawa sannan kai ya biyo da sauri ya koma kan abin, domin da haka masu rawa ke rage jiri.

Ma'aunin da zan ba ka shi ne wannan: wani ya zaɓi kiɗan da ba ka taɓa ji ba, ka saurara na ɗan lokaci, sannan ka taka shi har ƙarshe da abin da ke jikinka. An ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma a nan maganar ba ta buƙatar fassara. Bayan wannan, ka shiga gasa ko da sau ɗaya a rayuwarka, a gaban mutane masu numfashi, inda babu damar sake ɗauka. Fagen yana da faɗi, tun daga gasar Blackpool ta Ingila da aka fara a 1920 har zuwa rawar titi ta bireki da ta shiga wasannin Olamfik na Faris a 2024, amma ƙaramar gasa ma ta wadatar, domin darasin da ke cikinta shi ne sanin yadda gwiwa ke rawa kafin mai ita ya fara.

Tun da na ambaci gwiwa, bari in ba ka labarin tawa. Ina da kusan shekarunka na yi ta bitar wani juyi a kan kafet da takalmin roba mai kama ƙasa, ban ɗumama jiki ba. A karo na ƙarshe jikina ya juya, tafin ƙafata ya ƙi bin sa, sai na ji wani ɗan sauti a gwiwar dama kamar an karya tsinke. Wata uku na yi ina hawa matakala da ƙafa ɗaya. Ka ba jikinka minti goma na ɗumi kafin ka fara, ka yi juyi a kan daɓe mai sulɓi daidai gwargwado, kuma ka tabbata gwiwarka tana kallon inda yatsun ƙafarka ke kallo.

Tambaya: Malama, maiɗakina ta daɗe tana so mu riƙa rawa tare, ni kuwa jikina a sandare yake, ga kunya. Shekaruna 41.

Amsa: Malam, burinka ya fi na kowa sauƙin faɗa: waƙa ɗaya mai taushi, ku biyu, ka kai ƙarshenta ba tare da ka kalli ƙafafunka ba. Sandarewar da kake ji yawanci daga riƙe numfashi da kulle gwiwa take zuwa, don haka ka ɗan sassauta gwiwoyin, ka rage faɗin takunka zuwa rabin abin da kake zato. A rawar mutum biyu, abokin rawa yana karanta inda nauyinka ya karkata ne, saboda haka jan hannu ba ya ƙara komai sai gajiya. Za ka taka mata ƙafa, babu makawa, kuma da wuya ta riƙe ka da wannan.

Tambaya: Malama, mahaifina yana da shekara 78. A da shi gwanin rawa ne, amma yanzu cutar karkarwar jiki da likitoci ke kira Parkinson ta kama shi, tafiya ma da ƙyar yake yi. Idan ya ji kiɗa nakan ga yatsunsa suna motsi a kan hannun kujera. Akwai abin da ya rage masa a wannan fanni?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Yatsun nan da kika lura da su sun riga sun amsa tambayarki. Masu wannan cuta sukan fuskanci wani yanayi inda ƙafa ke kafewa kamar an liƙa ta a ƙasa, kuma likitocin gashin ƙashi sun daɗe da sanin cewa bugun da ke zuwa daga waje, kamar kiɗa ko ƙirge, yana taimaka wa da yawa daga cikinsu su ɗaga ƙafar. A kan irin wannan fahimta ne aka fara shirin Dance for PD, wato rawa don masu cutar Parkinson, a unguwar Brooklyn ta New York a 2001, da haɗin gwiwar ƙungiyar rawa ta Mark Morris, kuma yau ana gudanar da azuzuwansa a ƙasashe da dama. A zaune ake fara darasin, sannan a miƙe a dafa bayan kujera, wanda ya iya kuma ya ratsa ɗaki. Ɗan rawar Japan Kazuo Ohno, wanda bai yi wasansa na farko shi kaɗai ba sai a 1949 yana da shekara 43, ya ci gaba da rawa da hannuwansa bayan ƙafafunsa sun gaza, ya kuma rasu a 2010 yana da shekara 103.

Ki fara da tuntuɓar likitansa, musamman a kan haɗarin faɗuwa da kuma lokacin da maganinsa ya fi aiki a yini, domin a wannan lokacin ya kamata ku riƙa yi. Ki samo kujera mai ƙarfi marar taya, ki kawar da duk abin da zai iya harɗe ƙafa, ki nemo waƙoƙin da ya yi rawa da su yana saurayi. Minti goma sun isa a farko.

Sai kuma buri na biyu, wanda nake ganin zai fi faranta masa rai: ki roƙe shi ya koya miki. Ki tsaya a gabansa, shi yana zaune, ki gwada takun da kika taɓa ganin yana yi, ki bar shi ya gyara miki da baki da hannu, ko da zai ce kin ɓata sau goma. Ki sa wani daga cikin jikokinsa ya riƙe waya ya ɗauka, da muryarsa da ƙirgensa, kuma ki tambaye shi sunan kowane taku da wanda ya koya masa, ki rubuta.