Shin Daga Fim Ɗin Japan Aka Samo Labarin Sholay?

Tambaya: Malam, wani abokina ya ce labarin Sholay ba na Indiyawa ba ne, wai daga wani tsohon fim na Japan aka ɗauko shi. Gaskiya ne? Kuma wane ne ya yi fim ɗin?

Amsa: Abokinka bai yi nisa da gaskiya ba, ɗan'uwa, sai dai ya ɗan zarce. Fim ɗin da yake nufi shi ne Seven Samurai na 1954, wanda Akira Kurosawa ya ba da umarni. Manoman wani ƙauye ne 'yan fashi suka addaba, suka je suka nemo mayaƙa bakwai, ladarsu kawai abincin da za su ci. Amurkawa sun mayar da shi fim ɗin kaboyi a 1960, The Magnificent Seven. Sholay na 1975 ya sha daga wannan rijiya da kuma finafinan kaboyi na Italiya, amma Gabbar da abotar Jai da Veeru aikin marubutansa ne, Salim da Javed.

An haifi Kurosawa a Tokyo a 1910. Da zanen hoto ya fara, sai a 1936 ya shiga kamfanin shirya finafinai da daga baya ya zama Toho a matsayin mataimakin darakta. Fim ɗinsa na farko, Sanshiro Sugata, ya fito a 1943, ana tsakiyar yaƙi. Duniya ta san shi ne da Rashomon, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice a 1951: an kashe mutum a daji, mutum huɗu suka ba da labarin, kowa da nasa.

Abin da ya fi burge ni da shi, ba ya yarda da aikin ganin ido. Yaƙin ƙarshe na Seven Samurai cikin ruwan sama da taɓo aka ɗauke shi, da kyamarori da yawa lokaci guda, dawaki na zamewa, mutane na faɗuwa. A Throne of Blood kuwa, kibau na gaske aka riƙa harbawa kusa da jarumin nasa Toshiro Mifune, wanda suka yi finafinai 16 tare. Tsoron da ke fuskarsa ba duka wasa ba ne.

Duk da wannan suna, ya sha wuya. Bayan Dodes'ka-den na 1970 ya faɗi a kasuwa, masu zuba kuɗi a Japan suka juya masa baya, har a 1971 ya yi yunƙurin kashe kansa. Tarayyar Sobiyat ce ta ba shi aikin Dersu Uzala, wanda ya ci kyautar Oscar ta Amurka. Sannan daraktocin Amurka George Lucas da Francis Ford Coppola suka taimaka aka samo kuɗin Kagemusha na 1980. Ya rasu a 1998, ya bar finafinai 30.

In za ka fara kallonsa, fara da Seven Samurai. Ya fi awa uku, baƙi da fari ne, don haka ka nemi wanda aka sa wa fassara a ƙasa, ka ware masa dare guda.