Amsoshin tambayoyinku: Kafin ka sayi manyan nozul wa RX-7

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Mazda RX-7 ƙirar 1993, mai turbo biyu. Na sa mata babbar salansa da buɗaɗɗen matacin iska. Yanzu bakanikena ya ce in sayo manyan nozul masu cc 1300 don ta ƙara gudu. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka tukuna. Nozul mai kawai yake fesawa, ƙarfi kuwa yana zuwa ne daga yawan iskar da ta shiga injin ta tarar da mai daidai da ita. Ana ƙara girmansa ne idan na asali sun gaza ciyar da iskar, kuma wannan abu ne da ake aunawa.

Injinka 13B-REW ne, mai rota biyu (ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a madadin fistin), kowace cc 654. Kowace rota na da nozul biyu: ƙarami mai fesa cc 550 a minti, wanda ke aiki tun daga sulo, da babba mai cc 850, wanda ke shigowa idan ka taka totur sosai. Jimilla cc 2800 ke nan. Da yawa ne ga ƙaramin inji, amma irin wannan da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro mashayin mai ne. Kowace rota tana kunna wuta a kowane juyi ɗaya na shaf, alhali fistin sai an yi juyi biyu. A juyi 8000 a minti, milisakan 7.5 kacal nozul ɗinka ke da shi ya gama fesawa. Idan ya kai yana buɗe fiye da kashi 85 cikin 100 na wannan lokaci, to ya kusa ƙurewa, a nan ne batun sauyi ke tasowa.

Abin da ya fi damuna shi ne salansar da ka riga ka sa. Motar ta fito da matsin turbo kusan psi 10, kuma kwamfutarta ba ta auna yawan iskar da ke shiga kai tsaye, matsi da juyin inji take kallo ta ba da man da aka rubuta mata a Japan. Ka buɗe mata hanya gaba da baya, iska ta ƙaru, matsi yana iya haurawa, ita kuwa tana nan kan tsohon lissafi. Mai ya yi ƙaranci, ɗakin ƙonewa ya yi zafi, wuta ta tashi ba a kan lokaci ba. Injin fistin yakan jure ƙwanƙwasa na ɗan lokaci har direba ya ji ya sassauta ƙafa. Naka ba ya ba da wannan dama. A kowace kusurwa uku ta rota akwai siririn sil na ƙarfe, kaurinsa milimita 2, kuma bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fasa shi. Gutsuren ya karce bangon injin, ya fita ta hanyar hayaƙi ya cinye fukafukan turbo. Ga zafin rana, ga fetur da ba kullum ake samun mai kyau ba, don Allah kada ka yi wasa da wannan.

Saboda haka fara da ma'aunin iska da mai, wanda ake kira waidban. Sensar da ta zo da motar kusa da 14.7 kawai take ganewa, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, ma'aunin da fetur ke ƙonewa tsaf, kuma wannan na tafiyar hankali ne. Idan turbo ya cika, masu saita irin wannan inji suna neman wajen 11 zuwa 11.5, domin rarar man tana sanyaya ciki. Ka ga allura ta doshi 12.5 kana kan cikakken totur, ɗaga ƙafa nan take. A ɗaura sensar da ɗan nisa daga turbo, hayaƙin wannan inji yana da zafin da ke kashe ta da wuri.

Bayan shi sai kwamfutar da ake iya saitawa, irin Apexi Power FC ko Haltech. Idan ka ɗora cc 1300 a gurbin 850 kan tsohuwar kwamfuta, za ta ci gaba da buɗe su tsawon lokacin da ta saba, man da suke fesawa ya ƙaru da fiye da rabi. Sai famfon mai, matacinsa da wayoyinsa, tunda famfon da ya haura shekara talatin ba zai cika manyan nozul ba. Nozul ɗin su ne na ƙarshe a layi, kuma mai yiwuwa wanke na asalin da gwada su ya wadatar da kai.

Tambaya: An sauya mini nozul duka huɗun da manya. Yanzu sulo ba ya zama, hayaƙi na yaji a ido, fulogi na baƙi.

Amsa: Malam, ƙananan ne matsalar. A sulo mai kaɗan ake bukata, babban nozul kuwa yana wahalar fesa kaɗan daidai. A mayar da na cc 550 idan suna nan. In kuma za a bar manyan, dole a shigar wa kwamfuta girmansu da jinkirin buɗewarsu, shi ya sa nake cewa a sayi masu zuwa da takardar bayanansu. Kada ka yi ta yawo da ita haka: fetur yana wanke baƙin man da ke shafa sil, yana kuma gangarawa cikin man injin. A sauya man da fulogai huɗun bayan gyara.

Tambaya: Ni RX-8 gare ni. Manyan nozul za su taimaka?

Amsa: A'a, matuƙar ba ka sa mata turbo ba, nata sun ishe ta. Kai kuɗin wajen sababbin koyil da fulogi, sannan a gwada matsin injin da na'urar da aka yi wa irinsa, mai ba da lamba uku ga kowace rota. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran, aiko mini da lambobin shida kafin ka sayi komai.