Wasan jikoki ranar sadakar bakwai

Ɗiyata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Kin ce ranki ya ɓaci ranar sadakar bakwai ta babanki, da kika ga jikoki sun ɗauki malafarsa da sandarsa suna kwaikwayon tafiyarsa, mata na ta dariya cikin gida. Kina tambaya ko al'ada ce ko rashin tausayi. Ke uba kika rasa, ni yayana da muka sha nono ɗaya, don haka ba daga nesa nake ba ki amsa ba.

Al'ada ce, kuma nan Kabi mun tarar da ita. Idan tsoho ya rasu ya bar 'ya'ya da jikoki har da tattaɓa-kunne, ba a ɗaukar mutuwarsa ɗaya da ta saurayi. 'Ya'ya su ke zaman karɓar gaisuwa. Jikoki kuwa abokan wasansa ne tun yana da rai. Jikanya matarsa ce, ya ce ba ta iya tuwo ba, ta ce ta sake shi don ba ya da haƙora. Jika namiji kuwa mai neman ƙwace masa mata ne. To ranar nan suna yin wasansu na ƙarshe da shi, iyaye su ba su ɗan abin goro su karɓe malafar. Wanda ya mutu da ƙuruciya ba a yi masa haka, ko kusa.

Abin da ya sa ya yi miki nauyi, ke ɗiyar fari ce. Kunya ce tsakaninku, bai taɓa kama sunanki ba, sai "waccan yarinya". Fuskarsa ta uba kika sani. Yaran nan sun san wani mutum daban, wanda kowace shekara idan an dawo daga bikin kamun kifi a kogin Matan Fada sai ya shimfiɗa tabarma ya ba su labarin giwan ruwan da ya kuɓuce daga homarsa. Bana tsawon hannu, baɗi tsawon ƙyaure. Har yakan ce tun 1934 da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka fara bikin, ba a ga irinsa ba, alhali shi lokacin ba a ko haife shi ba! Innarki ta ce daga madafa, "Malam, ai kifin nan ya girme ka." Shi ke fara dariya. Wannan labarin ne ɗanki ya maimaita da muryarsa, shi ya sa gidan ya ɗauka. Ban sani ba ko kin lura, innarki da ke takaba ta rufe baki da mayafi, tana dariya hawaye na zuba.

Malamai da yawa ba su son wasan, kuma inda jikoki ke tare ƙofa su ce ba a fita da gawa sai an biya su, ni ma ina tare da malaman. Ranar jana'iza ba ranar wasa ba ce. Amma abin da muka ji an tsawatar a kai shi ne kururuwa da yaga tufafi. Makoki kwana uku ne, mai takaba kaɗai ke yin wata huɗu da kwana goma. Hawaye kuwa ba laifi, Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya zubar da su ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Kewar ma ba ta gama zuwa miki ba. Tawa uwar ta daɗe a ƙasa, amma har yau idan abin dariya ya faru, sai in ji ina son tashi in kai mata labari. A nan ta fi kama ni, ba a wurin ta'aziyya ba. Idan ta zo miki haka, ki yi dariyarki, ki yi masa addu'a, kada ki ga kamar kin ci amanarsa.

Watan cika-ciki na tafe, taubasansa za su zo neman kuɗin shara. Kowace shekara bayan rumbu yake ɓuya har su jawo shi da riga. Bana ku za su tarar, kada ki ɗaure musu fuska, ki tanadi canji. Kuma ki zo mini da yaran sadakar arba'in, a bar musu malafar. Ki gaida maigidanki.

Gwaggonki.