Tambayi Anti: Safar ulu ta huje a dunduniya, a yar ko a gyara?

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya ɗiya? Kakar yarana ce ta saƙa ma ɗana safar ulu bara, ita yaka sawa in za shi karatun asuba da hunturu, yanzu ta huje ga dunduniya. Na ɗinke da zare da allura, kwana biyu yac ce tana ci mai ƙafa, kuma gefen ɗinkin ya sake yagewa. Ban son in yar don tsohuwa ta sha wahala. Mi za ni yi?
Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai tun kafin ki faɗa na san abin da kika yi, kin kama bakin hujin kin tsuke shi kamar bakin buhu ko? To nan matsalar take. Inda ya huje zaren wurin ya cinye ne, babu shi, in kin jawo gefe da gefe kin haɗa sai ya yi ƙulli yana taka shi, ga zaren keke siriri ne mai ƙarfi, shi da kansa zai yanka ulun. Saƙa za ki yi a kan hujin, ki cike gurbin.

Ki warware wancan ɗinkin tukuna. Ki nemi zaren saƙa irin wanda ake hular jarirai da shi, masu kayan ɗinki a Babbar Kasuwa na sayarwa, in ya fi na safar kauri ki raba silinsa biyu. Sai allura mai babban ido wadda bakinta bai da tsini sosai. Turawa har wani katako gare su mai kamar ƙwai na wannan aikin, mu kuwa ludayin duma ya wadatar, ko tsohon ƙwan fitila in kina da shi amma ni tsoron fashewarsa nake. Ki juya safar ciki waje, ki cusa ludayin, bayansa ya zauna daidai hujin, ki ɗaure da roba. Kar ki ja ta da yawa, yadda take zama a ƙafa haka za ki bar ta.

Kar ki fara daga bakin hujin, zaren wurin ya riga ya mutu. Ki ja baya kamar faɗin yatsa ɗaya inda saƙar ke da rai, ki riƙa soka allura kina fita ƙanana ƙanana, in kin iso hujin ki tsallake da zaren zuwa ɗaya gefen ki ci gaba, ki juyo ki dawo kusa da layin farko, haka haka har zaruruwa su jeru a tsaye su rufe wurin. Sannan ki juya ludayin ki shiga ta kwance, ɗaya sama ɗaya ƙasa kamar saƙar tabarma, layi na gaba wanda kika bi ta samansa ki bi ta ƙasansa, kina matse su da bakin allura. Duk inda za ki juya ki bar ɗan sako-sako, don ulu na tsukewa in ya sha wanki, in kin ɗame yau gobe ya tattare. Kuma dan Allah banda ƙulli, farko da ƙarshe. Ki bar jelar zaren ki lallaɓa ta cikin saƙar sai ki yanke. Na farkon da za ki yi ba zai yi kyau ba, nawa ma haka ya fito kamar gidan tautau, amma ai cikin takalmi yake wa zai gani.

Sai ki duba ƙafar yaron. Hunturun Sakkwato kin san shi, daga Disamba zuwa Fabrairu kaushi da faso ba su barin kowa, kuma dunduniya mai kaushi kamar zarto take ga safa. Ya goge da dutse, ya shafa man kaɗanya ko basilin da dare, a yanke mai farce. In ba haka ba wata mai zuwa za ki sake rubuto min. Ɗayar ƙafar safar ma ki ɗaga ta a haske, in kin ga dunduniyar ta yi shara-shara ki bi ta da zare tun ba ta ɓule ba, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Zaren safa na kamfani yawanci kashi 75 ulu ne 25 nailan, nailan ɗin nan ke sa ta jure, ta hannu kuwa sau da yawa babu shi. Wanki da ruwan sanyi, banda murza da ƙarfi.

Amma fa siririyar safar makaranta ta roba da ake sayarwa a faifai, wannan kam ban ce ki ɓata idonki ba. Ta Kaka ce ta cancanci zama, kuma in tana kusa ki kai mata ta gani, ƙila ma da ragowar zaren a cikin kwallarta.