Bijimi da jan ƙyalle

Kai yaro, wai ka gani a waya Turawan Ingila na cewa "jan ƙyalle a gaban bijimi" idan mutum ya tsokani wani da gangan, shi ne kake tambayata ko ka daina zuwa kara, kasuwar shanu, da jar hularka? Shekara uku kana bina, sai waya ce za ta koya maka sa!

Sa ba ya gane ja. Motsi yake bi. Ko a wasan bijimai na Sifaniya ma da babban mayafi mai ruwan hoda da rawaya ake fara wasan, ya kai masa karo sarai. Jan sai a ƙarshe ake fito da shi, don ya ɓoye jini. Mu da muka gaji hawan ƙaho, kalangu da kirari muka sani. Wa ya taɓa neman ƙyalle?

Farar riga ce ma ta cuce ni. Wani Rahaji, jan sa mai dogon ƙaho, na taɓa turkewa wata 7, dusa da harawa da kanwa ba yankewa, tozo ya kwanta gefe guda. Na kai shi Wudil ranar Juma'a ana saura kwana 10 Babbar Sallah. Wani alhaji ya taya, na ce albarka. Ya ƙara kaɗan, na ce albarka. Sai ya ce bari ya duba haƙora. Wa ke duba haƙoran Rahaji ta gaba? Ya tsaya daidai hancinsa, ya kaɗa hannun babbar rigarsa sau biyu kamar mai korar ƙuda, ya yi tsalle gefe. Sa ya zabura, igiyar ƙafa ta riƙe shi, ya kifa. Ƙas! Har yau ina jin ƙarar nan.

Yaron da na ba igiya kuwa yana can yana cinikin rake. Sa'anka ne.

Karyayyen sa ba ya kwana, kowa a kara ya sani. Mutumin nan ya dawo da carbinsa yana "Allah ya mayar da alheri", ya taya rabin kuɗin farko. Na duba gabas na duba yamma, ba mai ƙari. Na sallama, kuma dillali bai yafe la'adarsa ba. Sai daga baya na ji ba ni ne na farko da ya yi wa haka ba.

Ɗaurin dabaibayi kam kada ka tambaye ni, ko jikana ya iya. Saka hularka. Amma in na ga mai saye ya zagaya gaban sa kana latsa waya, ranar a ƙafa za ka koma gida.